Hali Ne Ko Cuta? Ki Bincika Kafin Ki Yanke Hukunci

Kwanakin baya wata uwa ta tare ni bayan mun tashi daga Islamiyya a Kakuri, ido jawur. 'Yarta ta haihu ko sati biyu ba a yi ba, ta daina barci, tana zagin kowa, har ta ƙi shayar da jaririn. Dangin miji sun ce mugun halinta ne ya fito, suna maganar saki. Na tambaye ta: "Hajiya, da can haka take?" Ta ce wallahi ko kaza ba ta iya kora.

Wannan tambayar ita ce mabuɗi, 'yar'uwa. Hausawa sun ce hali zanen dutse. Akwai larurar da likitoci ke kira tangarɗar ɗabi'a, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundinta da ya fara aiki a 2022, ta kasa gida 3: mai sauƙi, matsakaiciya da mai tsanani. Alamarta ita ce daɗewa. Galibi takan soma tun ƙuruciya, ta bi mutum shekara da shekaru, a gida, makaranta da gidan aure: yawan zargi, fushi marar linzami, ko kasa zama lafiya da kowa.

Amma wanda ya sauya dare ɗaya, wannan ba hali ba ne. Ruɗewar mai jego cuta ce ta gaggawa, kuma tana warkewa. Akwai cutar da kan sa mutum kwanaki yana surutu da ɓarnar kuɗi ba barci, daga baya ya faɗa baƙin ciki, sannan ya dawo daidai. Matsalar maƙoƙo kan kawo faɗuwar gaba, rama da saurin fushi. Haka farfaɗiya, saukar sukari, buguwa a kai, shan tiramadol ko kodin, da ruɗewar tsufa, duk kan juya ɗabi'a.

Don haka ki lura da abu 3: yaushe abin ya fara? Yana zuwa yana tafiya ne? Me ya gabace shi, haihuwa, zazzaɓi ko wani magani? Ki rubuta, ki kai wa likita. Ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya nan Barnawa. Kada ki ƙosa idan an ce a auna jini ko a sake dawowa, domin ba a gane wannan larura a zama ɗaya. Ko an tabbatar da ita, akwai taimako, akasari ta hanyar zama da ƙwararre ana tattaunawa.

Addu'a da ruƙiya ba su hana zuwa asibiti. Ita waccan yarinyar an kai ta, yau tana ɗakinta da goyonta. Da an biye wa "haka take", da aure ya mutu, wataƙila har da rai. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.