Jarrabawar Turanci: kalmar titi daban, kalmar takarda daban

Tun da Togo ta shiga ƙungiyar Commonwealth a taron Kigali na watan Yunin 2022, Turancin Ingilishi ya ƙara daraja a Lome. Ga matasan Hausawa na unguwar Nyékonakpoè, harshen ba baƙo ba ne, domin iyakar Aflao na kusa, kuma ana jin Turancin Gana kullum a kasuwa da tasha. Sai dai Turancin ciniki, irin su "chale" da "I dey come", ba shi ake ba wa maki ba a BAC, ko a IELTS da jami'o'in waje da ofisoshin biza ke nema.

Matsalar ba baƙuwa ba ce. Bahaushe ya san yaro ba ya gaishe da dattijo yadda yake gaishe da abokinsa. Wanda ya yi karatu da Faransanci kuma ya san "boulot" na majalisar abokai ne, "travail" ake sawa a takardar neman aiki. Turanci ma haka yake.

A IELTS, zaɓen kalmomi shi ne kashi ɗaya cikin huɗu na makin rubutu, haka ma a ɓangaren magana. Rubutun minti 60 ne: aiki na farko kalma 150 aƙalla, na biyu kalma 250, kuma na biyun ya ninka na farko nauyi. A maƙalar nan ana son harshe na ilimi: "children" maimakon "kids", "many" maimakon "loads of", sannan a rubuta "do not" cikakke, a bar "don't". Wasiƙa ce kawai ke canjawa. A nau'in General Training, idan an ce a rubuta wa aboki, sakin jiki ake so. Idan manaja ne, sai ladabi.

Ɓangaren magana kuwa hira ce ta minti 11 zuwa 14 da mai jarrabawa. A nan "don't" da "get up" ba laifi ba ne. Abin da ke kayar da ɗalibi shi ne haddace manyan kalmomi ya jera su kamar mai karanta sanarwa. Kashi na uku, inda ake tattauna al'amuran jama'a, shi ke bukatar harshe mai ɗan nauyi.

Ɗan Togo na da wata riba. Bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, kalmomin Faransanci da dama sun shiga Turanci, kuma da yawa daga cikinsu sun zama na ofis da kotu: "obtain" da "get", ko "commence" da "start". Amma akwai tarko. "Demand" ba roƙo ba ne kamar "demander", nema ne da ƙarfi. Mai neman alfarma "request" zai rubuta. "Actually" na nufin "a gaskiya", ba "actuellement" ba. Halartar taro kuma "attend" ne, domin "assist" taimako yake nufi.

Dabarar da ke taimakawa ita ce a raba shafin littafi gida uku: kalmar hira, kalmar takarda, da jimlar misali. Kafin a ɗora biro, ɗalibi ya tambayi kansa: wa zai karanta, kuma mene ne tsakanina da shi? Idan ya yi shakka, kalma matsakaiciya kamar "help" ko "need" tana shiga ko'ina. Kuɗin rajistar jarrabawar na da tsada, kuma rabin maki kan iya hana mutum gurbin karatu.