Daga Jan Hankali Zuwa Tashin Hankali: Abin da Wayoyinmu Suka Jawo wa Jos

Ranar Lahadi, 24 ga Yunin 2018, wani ɗan kasuwar dankali mazaunin Jos ya tafi Mangu ganin abokan cinikinsa. A hanyarsa ta komowa ya tarar an tare titi da tayoyi masu cin wuta. Aka fito da shi daga mota, aka kashe shi. Yana cikin maza 11 da aka yi wa irin wannan kisa a ranar, ba don an kama su da wani laifi ba, sai don kamanninsu da addininsu.

Kafin nan jini ya riga ya zuba a gundumar Gashish ta ƙaramar hukumar Barikin Ladi, inda 'yan bindiga suka auka wa ƙauyukan Birom. 'Yan sanda sun ce an kashe mutum 86, shugabannin yankin suka ce adadin ya haura 200. Wannan kisa ya faru, kuma babu mai imanin da zai raina shi. Amma tun ranar Asabar wasu hotuna suka fara yawo a Facebook da sunan daga Gashish suka fito. Binciken da sashen BBC Africa Eye ya fitar a Nuwamban shekarar ya gano cewa hoton wani jariri mai saran adda a ka ya yi watanni a intanet kafin harin. Wani bidiyo kuma na mutumin da aka fasa wa kai, wanda aka kalla fiye da sau 11,000, a ƙasar Kongo Barazabil aka ɗauke shi tun 2012. 'Yan sandan Filato da kansu sun ce irin waɗannan hotuna sun rura wutar ramuwar gayya. Binciken bai bar ɗaya ɓangaren ba: ya nuna rubuce-rubucen tunzurawa a kan Birom, wasu daga hannun wani mazaunin Birtaniya wanda ko hayaƙin gobarar ba zai shaƙa ba.

Hausa ta riga ta faɗa mana abin da ke faruwa, mu ne ba mu lura ba. Kalma guda muke da ita: hankali. Da ita muke cewa an ja hankalin mutum, da ita muke cewa hankali ya tashi, da ita kuma muke roƙon Allah kwanciyar hankali. A wayar da ke aljihunka, tsakanin na farko da na biyu taku ɗaya ne, kuma akwai masu cin abinci da wannan takun.

Kasuwa ce. Tun 1971 masanin nan Ba'amurke Herbert Simon, wanda ya sami kyautar Nobel a 1978, ya lura cewa idan labari ya yi yawa, abin da ke yin ƙaranci shi ne hankalin mai karɓarsa. Kowa sa'o'i 24 gare shi a rana, ido biyu, kunne biyu. Abin da ya yi ƙaranci kuwa shi ke yin tsada. Shi ya sa ba ka biyan Facebook ko TikTok ko sisin kwabo kafin ka buɗe shafi, ban da kuɗin data da kamfanin layinka ke karɓa. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, fiye da kashi 95 cikin 100 na kuɗin shigarsa daga talla suke fitowa. Masu talla lokacinka suke saye. Duk mintin da ka ƙara kana shafa fuskar waya, an ƙara samun gurbin nuna maka haja.

To me ke riƙe mutum ya kasa ajiye waya? Manhajar ba ta san gaskiya ba, ba ta san ƙarya ba, lissafi kawai take yi: me mutane suka tsaya a kansa, me suka yi wa sharhi, me suka tura gaba. Abin da ya fi samun wannan, shi take ɗagawa sama ta kai wa wasu dubbai. Takardun cikin gida da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fallasa a 2021 sun nuna cewa daga 2017 kamfanin ya ba alamomin nuna motsin rai, har da ta fushi, maki biyar, alhali laik maki ɗaya gare shi. Daga baya ya rage darajar alamar fushin, amma a lokacin da Gashish ke ci da wuta, rubutun da ya fusata mutane ya fi wanda ya sanyaya musu zuciya saurin tafiya. A 2018 ɗin dai, masana a jami'ar MIT ta Amurka suka bi sawun labarai kimanin 126,000 a Twitter, suka tarar gaskiya kan ɗauki ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka kafin ta kai ga mutum 1,500. Kuma mutane ne suka fi yaɗa ƙaryar, ba na'urori ba. Ƙarya sabuwa ce kullum, tana da ban mamaki da ban tsoro, mai ƙirƙirarta kuma ba ya jiran shaida.

Mun tashi muna jin cewa gani ya kori ji. Wannan karin magana an yi shi ne a zamanin da sai ka je da ƙafarka ka gani da idonka. Hoton waya ji ne da ya sa rigar gani. Wani ne ya zaɓo shi, wani ya yanke gefensa, wani ya rubuta sunan gari a ƙarƙashinsa. Yanzu ma da ƙirƙirarriyar basira, ana iya haɗa hoton abin da bai taɓa faruwa ba a cikin daƙiƙu.

Jos ba baƙuwar ji-ta-ji-ta ba ce. Rikicin 7 ga Satumban 2001 ya zo ne wata guda da shigowar wayar salula ta GSM Nijeriya, lokacin da labari ke tafiya baki da baki. A na Janairun 2010 saƙonnin tes na tunzurawa suka yi ta yawo daga waya zuwa waya. Zuwa 2018 hoto da bidiyo sun shigo hannun kowa. Tushen rigimar Filato, wato ƙasar noma da kiwo, da batun ɗan ƙasa da baƙo, da siyasa, da rashin hukunta masu laifi, duk sun girmi intanet. Waya dai ta rage tazarar da ke tsakanin jin labari da ɗaukar makami, tazarar da a da dattijon unguwa ko limami ko fasto kan samu ya shiga tsakani. A lokacin binciken BBC, rundunar 'yan sandan jihar ta ware jami'ai goma suna sa ido a Facebook dare da rana. Masu tantance labarai na cikakken lokaci da ke aiki da kamfanin a duk Nijeriya kuwa mutum huɗu ne, ga masu amfani da shi miliyan 24, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu.

Yau an ƙara wani abu a kai: kuɗi a hannu. A 2023 X ya fara raba ribar talla da masu shafuka, a 2024 kuma Facebook ya buɗe wa 'yan Nijeriya irin wannan ƙofa. Matashin da ya gama Jami'ar Jos bai sami aiki ba ya ga cewa yawan masu kallo na iya zama kuɗin haya. Ban ga laifinsa ba don ya nemi mabiya. Jan hankalin jama'a tsohuwar sana'a ce: maroƙi na yi, mai tallar magani a Taminus na yi, mai wa'azi ma sai ya tara mutane kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Kuma akwai matasan Jos masu tara dubban mabiya da barkwanci mai tsabta, da koyar da girki, da nuna duwatsun Shere da ruwan Assop, da tallar atamfa da takalma. Halak ɗinsu suke ci.

Inda nake ja da mutum shi ne abin da ya sa a bakin ƙugiya. Sanƙiran sarki idan ya yi shela, an san fuskarsa, an san gidansa, an san wanda ya aiko shi, in ya yi ƙari za a tuhume shi. Mai shafi kuwa yana iya rubuta “Da ɗumi-ɗumi” ko “Yanzu-yanzu” da manyan baƙaƙe, ya ɗora hoton gawa, ya ƙara da “don Allah kada ya tsaya a wayarka”, sannan ya juya ya yi barcinsa a Abuja ko Landan. Ribar tasa ce, asarar ta mai dankalin da ke kan hanya ce. Duk cinikin da ɗaya ke kwasar riba wani da bai san da shi ba ya biya da ransa, zalunci ne, ko da ba wanda ya yi niyyar kisa.

Batun hoton gawa ya fi ci mini rai. Mu mutane ne masu suturta mamaci. Musulmi na gaggauta wanka da likkafani, Kirista na rufe akwati cikin girmamawa. Amma a yi haɗari a Hawan Kibo, kafin a sami masu ɗaukar waɗanda suka ji rauni, an sami masu ɗaukar hoto. Uwa ta ga ɗanta kwance cikin jini a wayar maƙwabciya tun kafin a aiko mai faɗa mata cikin lallashi. Wanda ya ɗora hoton zai ce sanarwa ya yi. Sanarwa ba ta bukatar fuskar mamaci. Abin da ke bukatarta shi ne son a ce shi ya fara kawowa.

Mai turawa ma ba ya fita. Mun ƙirƙiro wa kanmu kalmomin wanke hannu: “kamar yadda na samu”, “an turo mini ne”, “ban dai tabbatar ba”. In ba ka tabbatar ba, me ya sa ka tura wa mutum ɗari biyu? Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta umarci muminai su bincika labari kafin su yi aiki da shi, don kada su cutar da wasu cikin jahilci su dawo suna nadama. Littafin Fitowa, sura 23, ya hana baza labarin ƙarya. Masallatai da majami'un Jos sun cika maƙil da masu karanta waɗannan, sai dai yatsa ya fi tunani sauri.

A ranar Asabar ɗin nan da hotunan bogi suka fara yawo, a ƙauyen Nghar Yelwa na Barikin Ladi, wani dattijo ɗan shekara 83, Liman Abubakar Abdullahi, ya buɗe gidansa da masallacinsa ga maƙwabtansa, akasarinsu Kiristoci, da ke gudun 'yan bindiga. Ya ɓoye mutum 262, ya fita ya tsaya gaban maharan yana roƙonsu, ya ƙi miƙa kowa. Sai bayan kwanaki labarinsa ya fito ta hannun 'yan jarida, da farko ma an sakaya sunansa saboda tsaron lafiyarsa, kuma a Yulin 2019 gwamnatin Amurka ta karrama shi. Da labarin limamin ya yi gudun da bidiyon Kongo ya yi a ranar, wataƙila da wasu daga cikin masu tare hanya sun yi jinkiri.

Ba na goyon bayan masu cewa gwamnati ta toshe kafofin. Mun ga dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ji-ta-ji-ta ba ta mutu ba, sai masu ƙananan sana'o'i suka yi asara. Kuma wayar nan ita ke sa mutanen Bokkos ko Mangu su nuna wa duniya harin da aka kai musu idan hukuma ta yi shiru. Abin da ya nuna yana aiki shi ne sa wa yatsa birki. A Janairun 2019 WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, a Afrilun 2020 ya mayar da saƙon da ya sha yawo zuwa wuri ɗaya tak, kamfanin kuma ya ce yaɗuwar irin waɗannan saƙonni ta ragu da kashi 70 cikin 100. Ƙaramin cikas, babban bambanci.

Wannan ne ya sa nake ganin irin wayar da mutum ya zaɓa, da yadda ya saita ta, ya wuce batun ra'ayi ko gayu. A kasuwar Farin Gada za ka ga dillalin da ke juya kayan gwari na miliyoyi da 'yar ƙaramar waya mai tocila. Cajinta na kwana uku, ba ta kiransa sai wani ya kira shi. Matasa na ganin ya tsaya a baya, ni kuwa ina ganin ya san abin da yake so daga waya, ya kuma ƙi ba ta abin da bai yi niyya ba. Ba kowa zai iya haka ba, don ɗalibi da tela da mai POS suna bukatar babbar waya. Ni ma ita nake riƙewa. Amma na kashe ƙarar sanarwar duk wata manhaja in ban da kira, na hana hotuna da bidiyo sauka da kansu, na fita daga zaurukan WhatsApp uku da ba a kawo komai a cikinsu sai abin ɓacin rai. Labaran safe a rediyo nake ji, domin a can akwai edita mai suna da ofis wanda za a iya kai ƙararsa. Idan hoto ya tayar mini da hankali, nakan sa shi a Google Lens in ga inda ya fara fitowa, ko in duba ko masu tantancewa irin su Dubawa sun yi magana a kansa. Sau da yawa abin bai wuce minti biyu ba.

Kira na ga shugabannin zaurukan WhatsApp na unguwanninmu, daga Gangare zuwa Tudun Wada, daga Unguwar Rogo zuwa Bukuru: ku kafa dokar hana ɗora hoton gawa, kuma duk labarin hari ya zo da sunan wanda ya gani da idonsa, in babu a goge shi. Kai kuma mai karatu, ranar da hoto ya shigo wayarka da sunan wani ƙauye na Filato, nemi lambar wani da ke can ka kira shi tukuna. In ba ka sami kowa ba, bar hoton ya kwana a wayarka.