Ta iya karatu, amma ina aikin?

A ƙasar Jodan, kusan duk macen da ka gamu da ita a titin Amman ta iya karatu da rubutu, kuma a jami'o'in ƙasar ɗalibai mata sun fi maza yawa. Sai dai a cikin mata 100 da suka isa aiki, masu aiki da masu nemansa ba su kai 20 ba. A Burundi kuwa, inda talauci ya yi katutu, wajen mata 80 cikin 100 ake lissafawa a ma'aikata, galibinsu da fartanya a hannu.

Shi ya sa nake ɗari-ɗari da masu cewa da zarar mace ta yi boko, aiki zai biyo baya. Gaskiya ne, in ji hukumar UNESCO, kusan biyu cikin uku na manyan da ba su iya karatu ba a duniya mata ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuma ta ce matan da ke fagen aiki ba su kai rabi ba, alhali maza sun haura 70 cikin 100. Amma kowace matsala da tushenta.

Claudia Goldin ta Jami'ar Harvard, wadda ta ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ta bi diddigin tarihin Amurka na sama da shekara 200. Ta gano cewa aikin mata tafiyar cikin ƙwarya yake yi: ya gangara, sannan ya hau. Zamanin noma matar aure tana aiki a gona da cikin gida. Da masana'antu suka zo a ƙarni na 19, aiki ya bar gida, ita kuma ga goyo, sai ta zauna. Bayan aikin ofis ya yawaita ne ta sake fita.

Dubi Saudiyya. A watan Yunin 2018 aka bar mata su tuƙa mota, a 2019 aka sassauta dokar tafiya da izinin waliyyi. Cikin 'yan shekaru yawan mata a fagen aiki ya tashi daga ƙasa da 20 zuwa sama da 30 cikin 100. Takardun digirin dama suna ajiye a akwati.

A ƙasar Hausa lissafin ma kansa yana da gyara. Mai ƙidaya zai tsaya a zaure ya tambayi maigida, a ce masa uwargida ba ta aiki, alhali tun asuba take tuyar ƙosai, tana matsar man gyaɗa, tana zubin adashe. Tun 1969 Baturiya Polly Hill ta yi rubutu kan wannan ɓoyayyen ciniki na matan kulle. Matsalar ita ce wa ke kai kayan waje? 'Yar talla ce, yarinya da faranti a ka daidai lokacin da ake kaɗa ƙararrawar makaranta. Wato sana'ar uwa ce ke cinye karatun 'ya, kuma wa'azi kaɗai ba zai sauke farantin ba muddin shi ne kuɗin cefane da na kayan ɗaki.

Bangaladash ta bi ta aljihu. Daga 1994 gwamnati ta riƙa biyan kuɗin makaranta da ɗan alawus ga 'yan matan karkara da ke sakandare, bisa sharaɗin zuwa aji a kai a kai, da cin jarrabawa, da jinkirta aure. A yau 'yan mata sun fi samari yawa a sakandaren ƙasar.