Yadda za a ga ilektron ya ratsa shinge da kayan mai gyaran rediyo

A cika tambulan da ruwa, a riƙe shi, a leƙa ta sama. Bangonsa zai yi ƙyalli kamar madubi, yatsu su ɓace, domin hasken yana komawa ciki gaba ɗaya. To, a ɗan jiƙa yatsa a matse sosai. Nan take zanen yatsan zai fito layi-layi, kwarin da ke tsakanin layukan kuwa yana nan da ƙyallinsa. Dalili shi ne hasken yakan ɗan leƙo waje, tazarar da ba ta kai maikiron ɗaya ba, kuma duk abin da ya matso haka sai ya tsallaka gare shi. Isaac Newton ya bayyana irin wannan a littafinsa Opticks na 1704.

Sau da yawa da wannan ake kwatanta ratsa shinge na kimiyyar kwantum, wato ƙwayar zarra ta bayyana bayan shingen da ƙarfinta bai isa ta haura ba. Lissafinsu ya yi kama ƙwarai, amma a ganina kada malami ya tsaya nan, tunda tsohon ilimin igiyar haske ma yana iya bayyana abin tambulan.

Na ainihin yana teburin mai gyaran rediyo. A nemi dayod ɗin Zener mai bolt 3.3, da rizista mai om 1,000, da batir mai bolt 9, da mita. A jona dayod ɗin a juye, a jere da rizistar da batirin, a ɗora mita a kan dayod ɗin a rubuta bolt ɗin da ta nuna, sannan a naɗe shi a leda a tsoma cikin ruwan zafi. Adadin zai ɗan sauka. A ƙasa da bolt 5, ilektron ratsa siririn shingen silikon yake yi, kamar yadda Clarence Zener ya yi bayani a 1934, zafi kuwa sauƙaƙa masa hanya yake yi. A maimaita da dayod mai bolt 12 da batir biyu: adadin hawa zai yi, domin can karon ilektron ne ke tura wutar, zafi kuma cikas ne ga karon.

Abin da ɗalibi ya auna ɗin nan shi George Gamow ya fassara ruɓewar yuraniyom da shi a 1928, kuma ta hanyarsa memorin waya ke rubuta hotuna da goge su. Kyautar Nobel ta 2025 ma a kansa aka ba John Clarke da Michel Devoret da John Martinis, bisa gwajin da suka yi a Berkeley a 1984 da 1985. Nasu sai da sanyi mai tsananin gaske. Namu ruwan shayi ya isa.