Zomo da mutum cikin silima guda

Yara da yawa a Birnin Ƙwanni, da Malbaza, da Illela sun san Tom da Jerry. Suna ganin su a talabijin ko a wayar salula. Tom muzuru ne, Jerry kuwa kusu ne. Kullum muzuru yana korar kusu, kullum kusu yana tsere masa. Amma ba dabbobin gaskiya ba ne, zana su aka yi. Wasu Amurkawa biyu, William Hanna da Joseph Barbera, su suka ƙago su a shekarar 1940.

Silima iri biyu ce. Akwai wadda ake ɗaukar hoton mutane suna wasa. Akwai kuma ta zane mai motsi. Wani lokaci akan gama su wuri guda. A 1945 an nuna Jerry yana rawa tare da wani gwanin rawa mai suna Gene Kelly. A 1988 an yi silimar wani zomo, Roger Rabbit, wanda aka ɗora wa laifin kisan kai, sai wani mutum mai binciken laifi ya taimake shi. A 1996 kuma Michael Jordan, shahararren ɗan wasan ƙwallon kwando, ya yi wasa tare da wani zomon da ake kira Bugs Bunny.

Yaya ake gama su?

Silima hotuna ne masu yawa da ke wucewa da sauri. Cikin daƙiƙa guda hoto 24 ke wucewa. Ido ba ya iya rarrabe su, sai ya ga kamar abu yana motsi. Da farko akan ɗauki hoton ɗan wasa shi kaɗai. Yana magana, yana miƙa hannu, yana fushi, alhali babu kowa gabansa. In ana so zomo ya ɗauki kwano, sai a ɗaga kwanon da zare ko da wani ƙarfe. Bayan haka masu zane su zauna, su zana zomon bisa hotunan ɗaya bayan ɗaya, su rufe ƙarfen, su sa masa inuwa. Aikin yana cin watanni da yawa. Yanzu kwamfuta tana taimaka musu.

Me ya sa ake dariya?

Mutum yana da iyaka. In ya faɗo daga soro zai karye. In ya taka wuta zai ƙone. Zomon zane ba ruwansa da wannan. Dutse ya faɗo masa, ya zama faifai, ya tashi ya kaɗe jikinsa ya ci gaba da gudu. Idan aka sa su ɗaki guda, mutum yana son a natsu a yi hankali, zomo kuwa yana ta ɓarna. Mutum ya ɗaure fuska, zomo ya ja masa kunne. Wannan saɓanin shi ke kawo dariya.

Abin ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Cikin tatsuniya Gizo yakan shiga fadar sarki, ya yi magana da mutane, ya yi musu wayo. A kama shi, a yi masa dukan tsiya, gobe kuma ga shi ya komo da wata dabara. Mai sauraro ya san ƙarya ce, amma yana jin daɗi ƙarami ya ka da babba. Abin da kunne ke ji a tatsuniya, shi ne ido ke gani a wannan silima.

Akwai wani dalili kuma. Waɗannan dabbobin sun daɗe. Uba ya gan su tun yana yaro, ga shi ɗansa yana ganin su yau. Don haka babba da yaro sukan zauna tabarma guda su yi dariya tare.

Sai dai a kula. Abin da zomon zane ya yi, yaro ba ya iya yin sa. Wanda ya buga wa ƙanensa taɓarya don ya ga Tom ya yi haka, asibiti za su kwana.

A Nijar fa?

Ba Turawa kaɗai suka iya wannan sana'a ba. Mustafa Alasan, ɗan Nijar, an haife shi a 1942. Da farko makanike ne. Ya koyi aikin silima a Yamai, ya ƙaro ilimin zane mai motsi a Kanada. A 1966 ya yi silimar wani kwaɗo mai suna Sim, shugaban ƙasar kwaɗi, wanda ya tafi ziyara maƙwabciyar ƙasa. Mutane sun yi dariya ƙwarai, don sun ga halin manya a jikin kwaɗi. A wannan shekarar kuma ya yi silima da mutane, labarin samarin ƙauye da suka sa tufafin kaboyi suka dami gari. Daga baya ya yi wata inda dabbobi ke kokowa. Ya daɗe zaune a Tawa yana aikinsa. Ya rasu a 2015. Ana lissafa shi cikin na farko da suka yi zane mai motsi a Afirka.

Tambayoyi

1. Su wa suka ƙago Tom da Jerry? A wace shekara?
2. Mene ne kamannin Gizo da zomon zane?
3. In hoto 24 ke wucewa cikin daƙiƙa guda, hoto nawa ne cikin minti guda?
4. Wane gari na jihar Tawa Mustafa Alasan ya zauna?

Aiki

A samu tsohon littafin rubutu. A zana kwaɗo a kusurwar kowane shafi, har shafi 20. Kowane zane ya ɗan ɗara na baya tsalle. A riƙe kusurwar da babban yatsa, a saki shafuna da sauri. Kwaɗo zai yi tsalle.