Agege: Birki da ƙarar motocin da ke shigowa daga Arewa

Dare da rana manyan motocin shanu na sauke kaya a mayankar Oko-Oba da ke Agege, unguwar da Hausawa suka daɗe da zama a Legas. Wadda ta taso daga Kano takan ci kusan kilomita 1,000 kafin ta iso, sannan ta ratsa tsakiyar gidajen jama'a.

Tun Janairun 2022 gwamnatin Legas ba ta ba da takardar shaidar lafiyar mota sai an kai motar cibiyar gwaji ta LACVIS, inda kwamfuta ke auna birki, fitilu da hayaƙi. Sai dai motar da aka yi wa rajista a wata jiha, daga can takardarta ke fitowa, kuma kowace jiha da irin nata awon.

Haka batun ƙara yake. Hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idojin ƙara a 2009, hukumar LASEPA ta Legas kuma ta ƙayyade desibel 55 da rana, 45 da dare a unguwannin zama. Hon ɗin tirela kuwa yakan haura desibel 100.

Akwai abin koyi. A Fabrairun 2017 hukumar FRSC ta fara tilasta sanya na'urar taƙaita gudu a motocin haya a faɗin ƙasa. Gwajin birki da na ƙara su ma suna buƙatar mizani guda daga Abuja, domin motar da birkinta ya tsinke a Agege ba ta tambayar jihar da ta ba ta takarda.