Daga Bulumboti Zuwa Cokali: Yadda Ake Buɗe Wa Abinci Wuri a Cikin Yaro

Tsakanin wata tara da shekara ɗaya ne iyaye mata da yawa kan fara kukan cewa ɗansu ba ya son abinci. A dama kunu ya kau da kai, a murje wake ya tofar, amma da ya hango bulumboti sai ya miƙo hannu. Uwa kuwa ba ta iya kallon ɗanta da yunwa, sai ta sake haɗa masa madara, gobe ma haka. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, yawancin irin waɗannan yara a ƙoshe ake kawo musu abincin. Masana na ƙiyasta cewa cikin jariri yana ɗaukar kimanin mililita 30 a kan kowane kilo na nauyinsa, wato yaro mai kilo takwas mililita 240 ta cika masa ciki, kwatankwacin babban bulumboti guda. Idan ana cika wannan ɗan wuri da madara sau biyar ko shida a yini, ta ina abinci zai shiga? Manufar rage bulumboti ke nan: a buɗe wa abinci wuri, sannu a hankali, ta yadda duk kwalbar da aka janye akwai abinci mai kauri da ya zauna a gurbinta.

Daga wata shida madara kaɗai ba ta ƙara isar yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yaron da ke shan nono yana bukatar ƙarin kalori kusan 200 a rana daga abinci tsakanin wata 6 da 8, kalori 300 tsakanin wata 9 da 11, sannan 550 daga shekara ɗaya zuwa biyu. Giɓin da ya fi wannan haɗari shi ne na sinadarin ƙarfe mai gina jini. Da ajiyarsa ake haifar jariri, amma wajen wata shida ajiyar ta kusa ƙarewa, madarar shanu kuma ba ta da shi sai ɗan kaɗan. Shi ya sa za a ga yaro ɓulɓul da kumatu saboda yawan madara, a je awo a ce jininsa ya yi ƙasa. A ƙasar Hausa wannan ba ƙaramar magana ba ce. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na shekarar 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuma adadin ya kai kashi 57, kuma tsumburewa ta fi kama yaro ne tsakanin wata shida da shekara biyu, daidai lokacin da ake sauya masa ci.

A nan sai an rarrabe abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Kwalba ake so a rage, nonon uwa yana nan. Shawarar likitoci ita ce a ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye, abin da ya yi daidai da shekaru biyun da aka ambata a Suratul Baƙara. Haka kuma zuba kunu a bulumboti, a faɗaɗa hujin kan robar da allura ko reza, bai zama ciyar da yaro abinci ba. Kafin kunu ya bi ta wannan huji sai an tsinka shi da ruwa, yaro ya cika ciki da tsararo, ƙarfin da ya samu kaɗan, kuma bai koyi tauna ba. Kunun da ya dace da yaro shi ne mai kaurin da idan an karkata cokali ba ya zuba nan take. A haɗa geron ko dawar da garin waken soya da gyaɗa da aka soya, irin haɗin da ma'aikatan lafiya ke kira Tom Brown, a ɗiga manja ko man gyaɗa, a riƙa kawo ƙwai dafaffe, hanta, garin busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, kabewa, zogale da gwanda. Ga kuma batun tsafta: lungunan kwalba da kan roba suna riƙe guntun madara, inda ruwa mai tsafta da makamashin tafasa su kullum suka yi wuya kuwa, gudawa ce ke biyo baya. Kofi buɗaɗɗe ya fi sauƙin wankewa, kuma yaro ɗan wata shida yana iya kurɓa daga gare shi idan an riƙe masa.

Tsarin ragewar ba shi da wuya. Da farko a sauya jeri: daga wajen wata tara a fara ba da abinci lokacin da yaro ke jin yunwa, madara ta biyo baya. Sai a zaɓi kwalbar da bai damu da ita sosai ba, galibi ta tsakar rana, a musanya ta da abinci da ruwa a kofi, a bar shi kwana huɗu zuwa mako ya saba kafin a taɓa ta gaba. Ta safe da ta dare su ne na ƙarshe. Yawan cin da ake nema shi ne sau biyu zuwa uku a rana ga ɗan wata 6 zuwa 8, sau uku zuwa huɗu daga wata tara, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu. Yaron da ba ya shan nono kuma a ƙara masa ci ɗaya ko biyu. Hukumar lafiya ta Ingila na nuna cewa mai shan madarar gwangwani yakan sauko daga kusan mililita 600 a rana a wata 7 zuwa 9, zuwa kusan 400 a wata 10 zuwa 12, tana kuma so a rabu da kwalba da zarar ya cika shekara. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da sarari har zuwa wata 18. Wannan ragewa ta sannu a hankali ta bambanta da yayen gargajiya, inda akan kai yaro gidan kaka rana guda a yanke masa komai. Yanke madara farat ɗaya ga yaron da bai iya cin abinci ba hanya ce ta zuwa tamowa.

Uwa tana iya cewa, to idan na rage ya ƙi ci fa, ba zai rame ba? Tsoron yana da tushe, shi ya sa ake janye kwalba ɗaya tak a lokaci guda. Ƙin sabon ɗanɗano ɗabi'ar yara ce, wani abincin sai an kawo shi sau goma ko fiye kafin ya karɓa. Abin da ke ɓata lamarin shi ne ɗura, a danne yaro a toshe masa hanci a zuba masa kunu. Ban da haɗarin kunun ya bi hanyar numfashi, yaro yakan tsani cokali daga ranar. A zaunar da shi cikin 'yan'uwansa da kwanonsa na kansa, a bar shi ya damƙa da hannu ya ɓata jiki, idan ya kau da kai a dakata. Kaka kuma takan ce ai bai yi haƙori ba. Amma dasashi yana murje duk abin da ya dahu ya yi laushi, kuma yaron da aka jinkirta wa abinci mai gudaji har ya haura wata goma ya fi wahalar karɓarsa daga baya. Abin kiyayewa dai shi ne gyaɗa ko aya guda-guda, don suna shaƙe yaro, da zuma, wadda ba a ba wanda bai cika shekara ba.

Kwalbar dare ce ta fi wuyar rabuwa, domin kukan yaro ba uwarsa kaɗai yake tayarwa ba, har mutanen gida. Amma ita ce ta fi ɓarna. Yawu yana raguwa a barci, madara ko shayi mai sukari ya kwanta a kan haƙoran gaba har su ruɓe, shan kwalba a kwance kuma yana da alaƙa da ciwon kunne. Yaro mai lafiya da ya kusa shekara, wanda ya ci ya ƙoshi da yamma, sabo ne ke tashe shi fiye da yunwa. A riƙa rage abin da ke cikin kwalbar kaɗan-kaɗan kowane dare biyu ko uku, a ba shi kafin a goge masa haƙori, a maye gurbinta da goyo da rarrashi. Ta fuskar kuɗi kuwa, wanda ya ce ƙwai da kifi sun yi tsada, sai ya lissafa kuɗin gwangwanin madara a wata. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ta ce yaron da ya cika shekara, idan za a ba shi madarar da ba nonon uwa ba, madarar dabba za a ba shi, ba a ba da shawarar madarar gwangwani ta manyan yara ba. Kofi biyu na madarar da aka tafasa, kimanin rabin lita a rana, sun wadatar, sauran kuɗin a kai su tukunya.

Akwai yaran da wannan tsari bai hau kansu kai tsaye ba: bakwaini, mai fama da rashin lafiya, mai wahalar haɗiya, da wanda nauyinsa ya tsaya. Irin waɗannan sai da shawarar likita ko ma'aikaciyar jinya. Ga sauran yara kuwa, alƙalin da zai raba gardama tsakanin uwa da kaka shi ne katin awo. Idan ana kai yaro awo kowane wata, layin nauyinsa yana hawa, yana wasa yana fitsari yadda ya saba, to abinci ya karɓi aikin da kwalba ke yi, sai a janye ta gaba. Idan layin ya kwanta wata biyu a jere, a dakata da ragewa, a duba kaurin kunun da yawan cin, a kai shi asibiti a gano dalili.